Ɗangiwa da Gwaggon Biri

Ɗangiwa taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni gaban alƙali. A Kebbe anka haife mu, damina ɗaya. Sunan nan nasa kuwa zalunci ne, don mutum ne siriri awa sillen kara. Da ƙuruciya ya bi 'yan baka duk sa'ad da kiran yaƙi ya zo daga Sakkwato. Ya dawo ba ganima ba tabo, sai wata cuta guda: ba ya iya ganin kibiya ya ƙyale ta. Ko ta baƙo ce sai ya zare ta daga kwari, ya ɗora bisa ɗan yatsa, ya karkace kai yana kallon inda za ta rinjaya.

Gonarsa tana bakin daji, tawa na ƙetaren rafi. Shekarar da nika ba ku labari, dawarsa ta yi kyau har abin ya ba ni haushi. Ita ce dukan abincin gidansa, shi da matarsa Atu makitsiya da ɗiyansu reras. Tana fara nuna sai ga birai, gabansu wani ƙaton gwaggo mai furfura a kafaɗa. Wannan ɗan banza ya san iyakar kibiyar Ɗangiwa. Sai ya hau wani suri ya zauna, a harbo, kibiya ta faɗi gabansa, ya dube ta ya ci gaba da gwaguyar zangarniya. Kafin Ɗangiwa ya waiwaya, sauran sun shiga ta baya.

Ga inda matsalar take. Nauyin ƙarfen gaba shi ke jan kibiya ta miƙe. In ya yi yawa sai ta dunguri ƙasa da wuri. In anka rage ta yi nisa, amma tana tafe tana kaɗa gindi, ta sauka inda ta ga dama.

Sai Ɗangiwa ya mai da tsakar gidansa maƙera. Na leƙa da hantsi na tarar da shi durƙushe, yana goga kan kibiya bisa dutsen niƙan Atu.

Na ce, "Kai bawana, birai na can na walima, mi kaka yi nan?"

Ya ce, "Rage mata kai nika yi, Sambo. Matsa, ka tare min haske."

Tuwon gidan ya koma ƙaras-ƙaras a baki. Ya aza kabewa bisa danga don gwaji, ya ja baka, kibiya ta bar kabewa ta je ta gaida tulun Atu. Na yi dariya har na zauna cikin ruwan. Shi ko a jikinsa. Ya ɗauko kibiyar yana juya ta, can sai na ga idonsa ya yi wal.

Ya ce, "Ciki za ni sa shi. Kan kibiya ya zan siriri ya keta iska, nauyin ya ɓoye cikin kyauro, daidai bayan ƙarfen."

Ya ruga wurin Namadi maƙeri ya ce a ja masa ƙarfe siriri. Namadi ya ja, ya ce a rage. Anka rage, ya ce a ƙara. Lokacin kuwa kowa na jiran lauje, kaka ta ƙarato. Namadi ya ɗaga guduma ya ce in ya sake ganin ƙafarsa a rumfar nan shi zai miƙar bisa uwar maƙera.

Ranar Atu tana yi wa wata maƙwabciya kitso. Ta soke tsinkenta na ƙarfe bisa tabarma ta tafi sauke tukunya. Ta dawo ba tsinke. Ta bi ƙarar sara har bayan rumbu, ta iske tsinken nan da ta gada wurin uwarta ya zama gutsattsari. Maigidan yana ta zura gutsure cikin kyauro, ya toshe da kakin zuma, ya mai da kai ya naɗe da jijiya, ya aza bisa yatsa, ya kwance ya sake.

Ta ce, "Malam, da mi za ni ƙare kan matar mutane?"

Ya ce, "Da tsinken tsintsiya, Atu. Dubi yadda kibiyar ta zauna."

Maƙwabciyar ta fita da rabin kai a tsefe, tana tafe tana ba unguwa labari.

Da sassafe ya saɓa kwari, na bi shi don kar dariyar ta wuce ni. Gonar ta ba ni tausayi, gaskiya, gefe guda duk karan ya kwanta. Gwaggo na bisa surinsa, har ya juya mana baya yana susa. Ɗangiwa ya yi bisimilla ya ja tsirkiya har kunne. Kibiyar nan ta tafi sak, ba kaɗa gindi ba dungure, ta kafe a mazaunin tsohon. Ya yi wata ƙara ya tuma sama, ya yanki daji, garken duka na binsa.

Ɗangiwa ya jefar da baka ya kama rawa. Mutum mai furfura a gemu yana tsalle cikin kunyoyin gona, hula ta faɗi, yana sumbatar yatsansa, yana kiran sunan Atu. Ya rungume ni munka faɗi tare bisa karan dawa. Ban taɓa jin daɗin abin wani awa na ranar ba.

Labarin ya fi ƙarfin cikina. Washegari na bi masu jakai zuwa Tambuwal, na zauna gidan 'yan'uwa ina ba da shi rumfa-rumfa, har ina kwaikwayon tsallen gwaggo. Da na dawo na biya gonata. Ashe da garken ya bar ta Ɗangiwa, rafi kawai ya ƙetare. Ba su bar min ko abin da kaza za ta tsattsaga ba. Na zauna bisa kunyar gona, ina tunanin abin da zan gaya wa iyalina.

Ban gaya wa kowa ba, kunya ta hana. Bayan girbi ina zaune ƙofar gida sai ga Ɗangiwa da jakin aro, dammunan dawa har sun rufe masa kunnuwa. Ya sauke ya koma, ya sake dawowa, har sai da ya raba abin da ya samu biyu.

Na tare ƙofa na ce, "Ɗiyanka fa? Wannan ba ya kai ku damina."

Ya ce, "Biraina ne, Sambo, ni na koro maka su. Kama min wannan damin, kafaɗata ta gaji."

Na kama. Hawaye na zuba min bisa zangarniya, munka shiga da shi rumbu.