Ɗan Daban da Ya Ari Tarin Surukina

Shekarar da nake karanta littafina a wani gidan rediyo a Tasawa, babi ɗaya duk Juma'a, hankalina bai taɓa kwanciya ba. Labarin ƴan daba ne masu rikici kan tashar mota, da shugabansu mai tara asiran manya yana tatsar su, wanda ya ƙi kuma a tsinci gawarsa a rijiya. Mutane na dariya, ban da ni. Dalili, da na rasa yadda zan sa mugun ya yi kama da mutum, sai na ara masa halin surukina: ɗan tari kafin kowace magana, da ɓoye goro cikin hula.

Na ɗauka ba mai ganewa. Ashe duk Maijirgi, garin surukin nawa, an gane. Tsohon na wucewa a amalanken jakinsa, masu shayi za su miƙe suna cewa, "A yi mana rai, shugaba!" Matata ta daina yi mini magana sai ta dole. Ni kuma kunyar suruki ta ɗaure ni. Mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, ta ina zan fara ba shi haƙuri? Sai in hau babur, in kai bakin garin, in juyo. Ƙarshe na ce bari in kashe shugaban a babi na gaba, kowa ya huta.

Sai ga aike daga surukina, yana kirana. Na same shi kwance a zaure, ya rame ƙwarai, rediyo kusa da kansa. Na durƙusa daga nesa.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin boko a wajenmu, ni kuwa koyarwa nake, "an ce kashe shi za ka yi."

"Baba, a gafarce ni."

"Mi ka yi? Tun da nike, ba a taɓa jin tsorona ba sai bana. Ka bar mini shi har a yanke hatsi. In shina da rai wata Juma'a, ni ma sai in lallaɓa in kai."

Daga nan na shiga kashe kowa ban da shi. Direba ya tafi, mai gadin tasha ya bi, har mai sayar da tsire da bai san hawa ba bai san sauka ba. Masu saurare suna bugo waya suna faɗa, wai wannan mugun ba ya mutuwa ne? Ni dai ina kan hanya kullum, ina leƙen gonaki, ina jin haushin gero da ya ƙi sauri.

Tsohon bai kai ba. Gero na cikin nuna muka kai shi makwancinsa, ranar wata Laraba.

Da Juma'a ta zo na je na karanta babin da na riga na rubuta dominsa. Aka yi wa shugaban ƙawanya, ya fice ta taga yana dariya, ko ƙwarzane babu. Ban taɓa tsanar wani mai rai ba kamar yadda na tsane shi ranar.