Kumfa a Gefen Bawul

Kawuna mai facin taya ne a unguwar Congo-Russia, kuma ido ɗaya gare shi. Ɗaya idon, tayar tirela ce ta fashe ta tafi da shi tun ba a haife ni ba. Yana da tsohuwar bindigar iska, irin wadda ake yi wa famfo da hannu, da ita yake korar shaho daga 'yan tsakin Inna. Ina aji biyu na sakandare ya ce ta yi sanyi, ko ganyen gwaiba ba ta hudawa. Ya kwance ta, ya ciro bawul ɗin, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe iska a ciki, ya yi ta gogawa yana liƙi.

Wata Asabar Inna ta aike ni da abincinsa. Na tarar ya mayar da komai, abokansa direbobi biyu suna zaune a benci. Ni kuwa a gaban maza ko gaisuwa a cikin hijabi nake yinta.

"Oga," in ji mai tumbin cikinsu, "shaho za ka harba ko jirgin sama?"

"Kai dai matsa da cikin nan naka," in ji Kawu, "shi ne ba ni da facinsa."

Ya yi famfo kaɗan, ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul, yadda yake yi wa kowace taya. Babu kumfa. "Ba ta yoyo," ya ce, ya ci gaba da famfo har jijiyar wuyansa ta miƙe.

Amma yawun ya gangaro gefe, daidai inda ya yi liƙi, ta wajen mataccen idonsa. Daga inda na tsuguna na ga ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero, suna fitowa suna fashewa. Ya ɗaga bindigar, ya kwantar da kuncinsa, idon nan guda ya zo dab da ƙarfen.

"Kawu!" Ni kaina ban gane muryar ba. "Yawun yana kumfa a gefe."

Direbobin suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya juya bindigar a hankali, ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaure ta a jikin tsohuwar taya, ya sa igiya a kunamar bindigar, ya kora mu bayan shago, ya ja.

Ƙarar ba ta kai ta fashewar taya ba. Da muka fito, bawul ɗin ya tsage, wani guntun ƙarfe ya huda kwanon rumfa, rana tana shigowa ta ramin. Kawu ya tsaya a ƙarƙashinsa, tafin hannunsa a kan idonsa mai gani.

"Uwata," ya ce da ni, "zuba mini abincin nan."

Garin zubawa, sai da na zubar da rabin miyar a ƙasa.