Bindigar Baba Jatau

Wata rana wata baiwar Allah ta kira ni daga Funtuwa.

Waɗanda suka san ni sun san sana'ata: ɗaukar hoton tsofaffin kaya. Tsohuwar rediyo, takobi, kwabo mai huji, duk abin da mutane suka gada suke tsoron ya lalace.

Sunanta Hajiya Zuwaira. Ta ce kayan mahaifinta ne, Baba Jatau, tsohon soja wanda ya koma farauta bayan ya ajiye kaki. Tana son a haɗa hotunan a littafi guda saboda jikoki.

Na je.

Ta buɗe min wata akwatin ƙarfe. Ga bindigar toka, duk ta yi tsatsa. Ga ƙahon zuba albarushi, lambobin yabo guda biyu, da wani hoto da ya koɗe: samari biyu cikin kaki, sun dafa kafaɗun juna.

Na fara tabbatar da babu komai a cikin bindigar. Na shimfiɗa baƙin ƙyalle kusa da taga, don hasken filasha yana kashe kyan tsohon ƙarfe. Na jera kayan.

A nan na lura da wani abu.

A gindin bindigar, jikin katakon, an sa wuƙa an sassaƙa suna: ILU.

Na ce, "Hajiya, wane ne Ilu? In rubuta a ƙasan hoton."

Ta ce, "Ban sani ba."

"Lambobin nan fa, na mene ne?"

Ta ce, "Malam, shekara talatin yana cewa mu zauna ya ba mu labari. Mu kuma kullum sai mu ce, Baba sai an jima."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta ce, "Ai bai rasu ba. Yana ɗakin can."



Ashe shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, wata bakwai ke nan. Hankalinsa garau. Yana ji, yana ganewa. Bakin ne ya ƙi, hannun daman da yake rubutu da shi kuma ya mutu.

Aka turo shi a keken marasa lafiya.

Na durƙusa na gaishe shi. Bai ko dube ni ba, idonsa na kan bindigar. Na ɗauko na ɗora masa a cinya.

Ya kai hannun hagu yana shafa sunan nan. Ya nuna saurayi na biyu a hoton. Ya buɗe baki.

Sauti ya fito, amma magana ba ta fito ba.

Ya sake gwadawa har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

Hajiya ta durƙusa tana cewa, "Baba, ƙaninka ne? Abokinka ne? A yaƙi ya rasu?"

Ya gyaɗa kai, ya kuma girgiza, ya sake gyaɗawa. Mun kasa gane wanne yake amsawa.

Muka sa masa biro a hannun hagu. Ya ja layi biyu a karkace, biron ya faɗi.

Sai hawaye a idonsa.

Wallahi na shekara goma sha ɗaya ina riƙe kyamara, ban taɓa jin ba ni da amfani kamar ranar ba. Na iya saita haske. Na iya sa tsatsa ta yi kyau a hoto. Amma ga mutum a gabana da labari cike da ƙirjinsa, ba ni da yadda zan fito da ko kalma ɗaya.

Hajiya ta yi cigiya. Sa'o'insa duk sun rasu. Ƙanwarsa guda da ta rage ta ce ita ma ba ta taɓa jin sunan ba.

Na kai musu littafin bayan mako biyu. Hotuna goma sha huɗu, sun fito fes.

Har yau Baba Jatau yana nan da ransa. Hajiya ta ce kullum da safe sai ya nuna a kawo masa littafin, ya buɗe shafin bindigar, ya ɗago ya dube ta, ya fara motsa baki.

Ita kuma ta zauna ta saurara. Yanzu tana da lokaci.

Darasi: Kaya suna iya jiranka shekara ɗari a cikin akwati. Bakin da zai gaya maka ma'anarsu ba zai jira ba. In kana da tsoho a gida da ke cewa "zo ka ji," ajiye wayar nan ka je, yau.

Tura wa ɗan'uwanka da iyayensa ke raye.