Haliru Mai Nakasa Inji

A fadamar Dangamaji babu wanda ya kai Haliru iya gyaran injin ban ruwa, amma abin da ya yi suna a kai shi ne nakasa nasa da gangan. Ya tsani aro babu izini. Mutum zai ɗauke maka inji, ya shayar da gonarsa, ya dawo da shi yana tari, sannan ya gaishe ka da fara'a. Saboda haka da ya gama ban ruwa sai ya zura sukudireba cikin kafireta ya yi 'yan murɗe-murɗensa. Inji na nan ƙalau a ido, amma ko za ka ja igiya har kafaɗarka ta goce ba zai ce uffan ba. Shekara ashirin bai koya wa kowa ba, har ƙaninsa Ya'ƙub da suke noman albasa tare.

Ranar nan yana dawowa daga kasuwar Jega babur ya kayar da shi, ƙafar dama ta karye. Aka kai shi Aliero wurin Malam Gambo mai ɗori, aka ɗaure ta da karare.

"Kwana arba'in ba ka motsa ƙahwag ga," in ji Malam Gambo. "In kat taka, babu ruwana."

Albasa kuwa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishi, kuma ita ce abincin gidajen biyu na shekara. Ga injin a nakashe yadda Haliru ya bar shi. Ya'ƙub ya zaga neman aron inji, kowa ya ce nasa ma ba lafiya. Wa zai ara wa gidan Haliru? Aka ɗauko makaniki daga Maiyama, ya kwance, ya ɗaura, ya tafi yana girgiza kai. Sai Ya'ƙub ya buga wa Haliru waya.

"Murɗa ƙusar ƙasan kafireta hagu kaɗan," in ji Haliru.

"Kaɗan ɗin kamar mi, Yaya?"

Haliru ya kalli yatsunsa. Su suka san aikin, bakinsa bai taɓa sani ba. Takaici ya ishe shi har ya yi jifa da wayar.

A kwana na shida aka ce ganye ya fara kwanciya. Ya faki idon Malam Gambo, ya sa aka ɗora shi bayan babur, ƙafa na lilo har Dangamaji. Gyaran bai kai tsawon alwala ba. Inji ya tashi, ruwa ya bi fangali, albasa ta tsira.

Da suka koma, Malam Gambo ya kwance kararen, ya daɗe yana shafa ƙashin.

"Sake ɗaure ta, Malam, na yi kwana ɗari ma."

"Wanga ya wuce ni, Haliru."

Shekararsa arba'in da uku a lokacin, kuma bai sake tsayawa a kan ƙafa biyu ba.