Ɗorawar Uwaliya da Falwayar Gwamnati

Bazara ce ranar, zafi kamar ana gasa mutum. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya gama rugugi ya watse bai zubar da ko ɗigo ba. A wannan rana Jibirin, manomi a wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo, ya buɗe baki gaban jama'a ya ba da abin da ba nasa ba.

'Yan kwangila ne suka zo da igiyar awo, suka ce za a jawo wa ƙauyen wutar lantarki, amma layin zai ratsa gonarsa, inda ɗorawa uku suke tsaye. Gonar tasa ce, itatuwan kuwa gadon matarsa Uwaliya ne daga mahaifinta. Da kalwarsu take daddawar da aka san ta da ita har kasuwar Kabo, garin ɗorawar yara su sha, makubar a shafe ɗaki.

Mai unguwa Hammadu ya dube shi ya ce, "Malam Jibirin, gari duka kai yake kallo. Ka hana mutane haske saboda miya?"

Aka yi dariya. Jibirin mutum ne mai kunyar idon jama'a, sai ya ce, "A sare."

Da ya shiga gida ya faɗa mata, Uwaliya ba ta ɗago daga tukunya ba. Ta ce, "To Malam, idan wutar ta zo sai ka riƙa zuba mana ita a tuwo."

Aka sare itatuwan, aka kafa falwaya reras, sai ga zamanin tsuke bakin aljihu. 'Yan kwangila suka kwashe kayansu, ko sallama babu. Turaku suka tsaya ba waya, hankaki suka samu wurin zama. Uwaliya ta koma sayen kalwa a hannun wasu, riba ta gudu, kananzir ya yi tsada, suka koma aci-balbal. A majalisa aka laƙaba wa Jibirin suna Injiniya. Idan ya yi sallama sai a ce, "Injiniya, yau da ƙarfi ta zo ko rabi ce?"

Shi dai ya samo ɗiyan ɗorawa uku ya dasa kusa da kututturan, ya kewaye da ƙaya, yana ɗauko ruwa a tulu duk rani. Awaki suka ci biyu, ɗaya ta rayu. Ɗorawa ba ta gaggawa. Sai da furfura ta cika masa gemu sannan ya ga jan furenta yana lilo. A shekarar Uwaliya ta sake ɗora tukunya da kalwarta ta kanta, ta kuma aika masa da tuwo da miyar da ba ta rage wa daddawa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka tuna da ƙauyen. Sababbin 'yan kwangila suka zo da waya, suka ce itacen nan ya shiga layi. Wannan karon Jibirin ya ce a'a, a gaban kowa. Ya ce, "Ba nawa ba ne, kuma an taɓa cutar mu." Mai unguwa ya ce ba komai, za a duba. Ranar Juma'a, yana masallaci a Gwarzo, 'yan kwangilar suka sa wa itacen zarto.

Wutar ta zo ranar bikin buɗewa, ta yi 'yan makonni tana ƙiftawa, taransifoma ta ƙone. An ce yanzu ɓarawo zai ji tsoron hannunsa, amma kafin damina ta wuce an kwance wayar tas, ba a kama kowa ba. Wata safiya rediyo ya ba da labarin Falasɗinawa, an yanke musu wuta, asibiti da masaƙa duk sun tsaya. Jibirin ya ce, "Allah Ya kawo musu ɗauki. Su an ƙwace musu da ƙarfi, ni da bakina na bayar."

Uwaliya ta daina daddawa tun daga nan, ta ba da tukwanen. Jibirin yana nan da rai, idonsa ya yi rauni, 'ya'yansa ke noma gonar. Bai sake dasa komai ba, kuma har yau ƙauyen ba shi da wuta.