Gaurakin Kawu Hassan a Gandun Alhaji Tanko

Kano zuwa Wudil

Ana idar da sallar asuba landiroba ta tsaya a ƙofar shagona, direba ya danna ham kamar gobara ta tashi. Na rataya kyamara, na ɗauki ƙullin goro da sukarin da mahaifiyata ta ce in kai wa yayanta, Kawu Hassan, a Toranke, na shiga baya. Shekarar da aka canza kuɗi ce, mutane na ta rikicewa tsakanin sule da kwabo, fari kuma ya gama cin ƙasa.

Ni mai ɗaukar hoto ne, ba ruwana da aikin gwamnati. Dalilin nemana shi ne, an ba wani kwamiti kuɗin tallafi don a raya wata fadama a ƙasar Ajingi, a dasa itatuwa, a kewaye ta da waya, bareyi da gauraki da suka fara ƙarewa su sami mafaka. Rabin kuɗin ya fita, sauran kuma sai an ga hoto. Wanda aka turo ya duba aikin, Malam Lawal, yana gidan gaba cikin kaki mai aljihuna, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Kafin mu fita gari ya fara minshari.

A gadar Wudil muka tarar da shinge. Ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Ina zuwa?"

Direbanmu Ɗan'azumi ya ce, "Kallon namun daji, Yallaɓai, wajen Gaya."

Ɗan sandan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi dariya, ya ɗage sanda. Muka tsaya gaba kaɗan muka sayi ƙosai mai zafi. Kogin ya janye ƙwarai, sai rairayi da ɗan ruwa a tsakiya.

Gaya

Da hantsi muka shiga Gaya, kai tsaye gidan shugaban kwamitin, Alhaji Tanko, ɗan kwangila. Rufin kwanon gidan sabo fil, sai ka kare ido. A bayan gidan akwai garka kewaye da waya mai ƙaya, ita ma sabuwa. Ɗan'azumi ya zungure ni.

"Ka ga wayar can? Ni na kawo ta bara, an ce ta bareyi ce. Ga bareyin nan kuwa sun yi jawur." Ya nuna mini tumatir.

Alhaji Tanko ya fito da babbar riga yana ta marhabin, ya riƙe hannun Malam Lawal da hannu biyu. Aka shimfiɗa tabarmi a soro, bayan azahar aka kawo tuwon shinkafa da farfesu. Naman ba na akuya ba ne, ba kuma na tunkiya ba. Malam Lawal ya tsotse ƙashi ya ce, "Alhaji, wannan wane irin nama ne haka?"

"Ranka ya daɗe, barewa ce. Biyu ne aka kawo mana daga hannun maharba, ɗayar ta so ta mutu a hanya, muka yi mata gaggawa da wuƙa kada a yi asara."

Na jira in ji abin da mai duba aikin kare bareyi zai ce. Ya ce, "Allah Sarki," ya miƙa kwano aka ƙara masa romo.

Mun so wucewa ranar, Alhaji ya hana. Wai namun daji ba sa fitowa da yamma idan sun ji ƙarar mota. A soron muka kwana, Malam Lawal bisa gado da gidan sauro, ni da Ɗan'azumi bisa tabarma, sauro ya yi buki.

Ajingi

Da sassafe muka kama hanya, Alhaji a gaba cikin tasa motar. Daga Gaya zuwa Ajingi ba nisa, amma rairayi ya isa. Sau biyu muna kafewa, muna sauka muna turawa, Malam Lawal yana zaune a ciki yana ba mu ƙwarin gwiwa ta taga.

Ranar kasuwa ce, sai dai kasuwar ba armashi. Hatsi ya yi tsada, Fulani sun kawo shanu duk haƙarƙari a waje, ba mai taya su. Muka sha fura a gindin wata tsamiya. Muna nan sai ga jakuna sun bi ta gabanmu ɗauke da rassan darbejiya, ɗanyu shar, sabon sara. Na ce da mai kora su, "Malam, ina za a kai wannan? Ai jaki ba ya cin ta."

Ya ce, "Fadama. An ce manyan baƙi za su zo ganin itatuwa."

Malam Lawal ya duƙufa yana ɗaure igiyar takalminsa har jakunan suka ɓace.

Toranke

Na roƙi a sauke ni in kai saƙo. Na sami Kawu Hassan zaune a ƙofar gida, ya rame fiye da yadda na san shi. Muka gaisa, ya tambayi ƙanwarsa, ya karɓi goron, sannan ya ga kyamara a wuyana.

"Au, kai ne mai hoton nasu, Garba?"

Ya ba ni labari. Gonarsa tana bakin fadamar, tun ta kakansa. Damina biyu da suka wuce 'yan kwamiti suka zo suka ce shi da maƙwabtansa su tashi, wurin ya zama na tsuntsaye. Makiyaya ma aka hana su shayarwa. Daga nan aka banka wa ciyayin bakin ruwa wuta, wai gyara ake yi. Gaurakin da suke sheƙa a ciki suka tashi, ba su sake dawowa ba. A cikin toka ya tsinci 'ya'ya biyu da wutar ba ta kai gare su ba, ya kawo gida ya yi ta ba su fara da tsaki har suka girma.

"Da hatsin da ba ya isar mu na ciyar da su. Jiya kuma aka aiko aka kwashe su, wai aron kwana ɗaya."

"Gonar fa, Kawu?"

"Tana nan. Gyaɗar Alhaji ce a ciki. In ka je ka gaishe ta."

Ya ɗauki sandarsa ya ce zai raka ni fadamar, inda su Alhaji ke jirana.

Fadama

Abin da muka fara gani ƙofa ce ta ƙarfe, an shafe ta da koren fenti, tsaye ita kaɗai a fili. Ba waya a dama, ba waya a hagu. Duk da haka sai da Alhaji ya sa aka buɗe ta da mabuɗi muka bi ta ciki, mutanen ƙauye kuma suka zagaya ta gefe suka riga mu shiga. A jikinta akwai allo da zanen giwa. Ko kakan Kawu bai taɓa ganin giwa a nan ba.

Rassan darbejiyar nan an kafa su layi-layi, an yayyafa musu ruwa, wasu har sun fara sunkuyar da kai. Bayansu kunyoyin gyaɗa ne har iyakar gani. Barewar da ta tsira daga tukunya tana bayan wata sabara, an ɗaure mata ƙafa da igiya, sai rawar jiki take. Alhaji ya ce in tsuguna daidai inda ciyawa za ta rufe igiyar. Na tsuguna na ɗauka. Aikin da aka kawo ni yi ke nan.

Sannan aka saki gauraki a bakin ɗan ruwan da ya rage. Kyawawa ne ƙwarai, da tukkunsu ruwan zinariya. Malam Lawal ya ɗora madubin hangen nesa a ido, alhali da ya miƙa hannu zai taɓa su. Ina daidaita kyamara sai suka hango Kawu cikin mutane. Suka yi kukan nan nasu mai ƙarfi, suka taho da gudu suna buɗe fukafukai, suka tsaya ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Aka kora su, suka dawo. Aka sake korawa, ɗaya ya sari wani yaron Alhaji a hannu. Mutanen ƙauye suka fashe da dariya.

Kawu ya matsa gaban Malam Lawal ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, tun da Allah ya kawo ka, ƙasar da kake tsaye a kai gonata ce. An ce ta tsuntsaye ce na haƙura. Ga tsuntsayen a gidana, ga gyaɗa a gonata. Ka duba mana."

Malam Lawal ya ce, "Baba, maganar gona ba hurumina ba ce. Namun daji aka aiko ni in gani, kuma na gani. Abin da za ka taimaka mana da shi, ka ɗan kwanta a bayan ciyawar can, su tsaya kusa da kai, a ɗauke su ba tare da kai ba."

Dattijo mai furfura ake cewa ya kwanta a taɓo. Kawu ya mayar da hularsa ya gyara mata zama.

"A gonar nan na binne cibiyar 'ya'yana. Ban taɓa ɓuya a cikinta ba."

Ya juya ya bi ta tsakiyar kunyoyin, yana taka gyaɗar ba tare da ya dubi ƙasa ba, gaurakin na biye da shi. Alhaji yana ta kiran "Malam Hassan, a yi magana mana!" Ko waiwaye bai yi ba. Na ɗaga kyamara na ɗauke su ta baya. Malam Lawal ya ce ba laifi, in na je wankewa in yanke tsohon.

Komawa gida

Ba mu tsaya a Gaya ba. Ɗan'azumi ya taka mota, magariba ta yi mana a Wudil, muka shiga Kano ana kiran isha'i. Na tarar da mahaifiyata a tsakar gida tana jira, na ba ta labarin yayanta tun daga farko. Da safe ta auna gero ta ce in nemi mai zuwa Toranke.

Na wanke hotunan na miƙa wa su Malam Lawal yadda suke, na ce almakashi yana kasuwa. Ko sun yanke ko ba su yanke ba, sauran kuɗin dai ya fita. Bayan fitarsa ba a sake ganin ɗan kwamiti ko ɗaya a fadamar ba, Alhaji ma ya sami kwangilar hanya a wani wuri. Da ruwa ya sauka Kawu da maƙwabtansa suka ɗauki sungumi suka je suka shuka geronsu, suna jiran a zo a hana su. Ba wanda ya zo. Ba alƙali ne ya mayar musu da gonakinsu ba, kuɗin ne suka ƙare.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ɗan'azumi da bai jefa mu a rami ba. Sauran abokan tafiyar kuwa, sun riga sun sallami kansu.