An sauke ni daga mota saboda gimbiyar labari

Jama'a, yau an sauke ni daga mota saboda gimbiyar da ba ta ma duniya!

Daga Isa za ni Sabon Birni, na haɗa wayata da rediyon mota muna sauraren labari. Gimbiya ta kashe dodo, ta ceci gari, tac ce sarauta take so.

Direba yac ce, "Kwaɗayi! Ta koma ɗaki."

Nic ce, "Malam, ƙanenta da ya ɓuya cikin rumbu za a naɗa?"

Sai burki! "Hajiya, sauka!" Na sauka da wayata. Tir!

Ina tsaye cikin rana sai ga shi da ribas. Na ɗauka kunya ce, ashe labarin ne ya yanke, tunda wayar na hannuna.

"Hajiya, hau mu ji ko ta samu."

Nic ce, "Ta samu. Wuce!"